Garmar Samanja a Bangon Mashaya

Shekaruna saba'in da shida a bana, kuma abin da zan ba ku labarinsa ya kai shekara ashirin da aukuwa, amma har yau ranar da muka buɗe mashayar Kanar Bawa a Zuru ba ta gushe daga zuciyata ba. Sunana Ishaya. Na yi aikin soja shekara talatin, mafi yawansu a mes, watau gidan cin abinci da hutawa na hafsoshi, na kuwa bar aiki ina Sajan, da igiya uku a hannuna. Giya dai na zuba ta ga manya da ƙanana tun daga Kaduna har Labanan, amma ni kaina ban taɓa kai ta bakina ba. Ku samari da kuka shigo wannan sana'a ta hidimar baƙi a bayanmu, ku kasa kunne.

Da Kanar Bawa muka je aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan, lokacin yana Kyaftin. Sansaninmu yana kusa da na sojojin ƙasar Ailan, waɗansu Turawa masu fara'a da son waƙa, kuma sukan gayyaci hafsoshinmu zuwa ɗakin shansu. Tun daga nan abin ya shiga ran Kanar. Da ya yi ritaya ya dawo gida, 'yan shekaru bayan komawar mulki hannun farar hula, sai ya ƙudura zai gina mashaya irin ta mutanen Ailan a Zuru. Domin wanda bai san garinmu ba, a lokacin dokar jiha ta riga ta hana sayar da giya a cikin gari, saura kasuwar bariki da ake kira mami, wadda take ƙarƙashin ikon soja. A can Kanar ya sami fili. Da gini ya kai ga rufi, sai ya aiko aka kira ni.

Ya ce, "Sajan, shirya kayanka. Za mu Ikko, ka ga yadda ake yin abin da idonka."

Ikko, wadda yaran yanzu suke kira Legas, tana da irin waɗannan mashayu, mun kuwa shiga uku daga cikinsu. Ta farko tana can tsibiri, unguwar ofisoshin jakadanci. Sanyin na'ura a cikinta ya kai mutum ya nemi bargo da rana tsaka, masu zuwa kuma ma'aikatan man fetur ne, kowa da jaridarsa, ba mai duban wani. Ta biyu tana kusa da filin jirgin sama, hayaniya ce zalla da kallon ƙwallo, ba ka jin abin da na kusa da kai yake faɗa. Ta uku tana bakin tashar jiragen ruwa, ita ce mafi tsufa da ƙanƙanta, kuma in za ku bi shawarata, ita ce ta cancanci a ziyarta, domin a nan ne kaɗai mai zuba giya ya tambaye ni sunana da garinmu.

Na lura da tsarinsu daki-daki. Katako baƙi ko'ina, doguwar kanta mai sheƙi, kujeru masu dogayen ƙafafu, fitilu marasa haske sosai, da koren launi a kowane lungu. Na kuma koyi yadda suke zuba baƙar giyarsu. Ba a cika kofi gaba ɗaya. Sai a karkata shi, a zuba har ya wuce rabi, a ajiye, a jira kumfa ta kwanta ta rabu da baƙin, sa'an nan a cika. Mai gaggawa ba ya shan wannan giya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bango. A duk inda muka shiga, an rataye tsofaffin kaya: keke marar sarƙa, keken ɗinki mai tsatsa, fitilun ƙwai, tsofaffin kayan noma. A mashayar tsibiri akwai wani saurayi mai kula da kanta, Basi, ɗan Kalaba, mai takardar shaidar koyon aikin otal da harshe mai santsi. Na tambaye shi, "Ɗana, keken nan na wane ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ba na kowa ba ne. A kwantena ɗaya ya zo da kanta da kujerun, daga Turai. Ado ne kurum."

A hanyarmu ta dawowa, mun wuce Kontagora mun nufi Rijau, Kanar ya gyara murya.

"Sajan, ba zan ɓoye maka ba. Yaron nan Basi ya burge ni, kuma ya ce in na kira shi zai zo. Amma kai nawa ne tun Labanan. Ranar buɗewa ita ce jarrabawarka. In taro ya tashi lafiya, makullai naka ne. In aka sami tangarɗa, Basi zai zo, kai kuma ka zama mataimakinsa."

Na ce, "Na ji, Yallaɓai." Amma a cikin raina na ce, ni Ishaya, da na yi wa janar-janar hidima, in tsaya a garin ubana yaro sa'an ɗana yana aike na? Fanshona ma a lokacin ba ya zuwa a kan kari, ga yara a makaranta. Aikin nan ina bukatarsa, girman kuma na fi bukatarsa.

Kafintoci suka yi kanta da dogayen kujeru. Saura kayan bango. Kanar ya ce ba zai sayo tsatsa daga Turai ba alhali ƙasarmu cike take da ita. Sai muka ba Emeka aikin. Emeka ɗan Ibo ne mai shagon tukwane da kayan ƙarfe a kasuwar Zuru, yana kuma yawo bisa babur zuwa kasuwannin Dabai da Ribah da Wasagu. Ya tara mana tsohon keke, da dutsen guga na gawayi, da akwatin ƙarfe irin na soja, da rediyo mai batir, da aci-balbal, da wata tsohuwar garma mai baƙar ƙota. Na tsare shi na tambaye shi ko kowane abu da yardar mai shi ya karɓo, ya rantse mini da uwarsa. Kanar da kansa ya tsara inda kowane zai zauna. Hotonsa na Labanan ya hau saman kanta, a tsakiya. Garma kuwa ya ce a rataye ta a gefen ƙofar da take fita zuwa makewayi, domin a mashayar tsibiri nan ya ga an rataye wani manjagara.

Aka sa ranar buɗewa ta dace da idin Waliyyi Fatirik, waliyyin mutanen Ailan, a tsakiyar watan Maris, cikin zafin bazara. Tun da hantsi na tsayar da komi. Kofuna sun sha wanki, firji ya yi sanyi, zoɓo da lemo suna jiran abokanmu Musulmi a rumfar waje. A ɗakin girki kuma na sa Mama Laraba, wadda babu wanda ya kai ta iya farfesu a ƙasar Zuru.

Da azahar baƙi suka cika wuri. Akwai hafsoshin bariki, akwai tsofaffin sojoji da lambobinsu na yabo a ƙirji. Fada Dogo ya zo sa albarka. Shi limamin coci ne ɗan ƙasar Ailan, ya fi shekara talatin a wajenmu, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari, sunansa na ainihi kuwa mutane sun daɗe da sauya masa shi saboda tsawonsa. Wani ya tuna masa cewa muna cikin azumin arba'in na Kirista, Fada ya ce, "Waliyyinmu ya roƙa mana hutun yini ɗaya tun kafin a haifi kakanku. Gobe kowa ya koma ga azuminsa."

Uban taro shi ne Samanja Dudu, mijin Mama Laraba. Samanja a soja shi ne uban fareti, wanda ko hafsa yake shakkarsa. Samanja Dudu ya je Kwango, ya yi yaƙin basasa, kuma shi ya koya mana taka ƙasa, ni da Kanar da rabin tsofaffin da suke wurin, kowa a zamaninsa. A Zuru, in ya ce wuri ba shi da kyau, tsohon soja ba ya sake taka wurin.

Da aka nuna masa doguwar kujera a gaban kanta, sai ya dube ta sama da ƙasa.

"Wannan ta mutum ce ko ta shamuwa?"

Aka yi dariya, aka taimaka masa ya hau, ƙafafunsa suna lilo. Fada ya yi addu'a, Kanar ya yi jawabi a kan Labanan, komi yana tafiya yadda na tsara. Can sai Samanja ya sauko, ya ɗauki sandarsa, ya nufi makewayi. Da ya kai bakin ƙofar sai ya tsaya cak. Ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka.

"Wa ya rataye wannan?"

Da muryar fareti ya yi tambayar, wuri ya yi tsit. Kanar ya matso da murmushi ya ce, "Baba, ado ne. Haka mutanen Ailan suke yi a mashayarsu."

"Ado? Bawa, ado ka ce?"

Na yi shekaru ban ji an kira Kanar da sunansa tsirara ba. Samanja ya ɗaga sanda ya nuna ƙotar garmar, inda aka yi tsaga bakwai a jere.

"Garmata ce. Da ita na yi golmo."

A nan dole in tsaya in yi bayani domin baƙo. A al'adarmu ta Dakarkari, saurayi ba ya samun mata da baki. Sai ya shiga ƙungiyar samari, su riƙa noma gonar uban yarinya damina bayan damina har shekara bakwai. Wannan shi ne golmo. Wanda ya gama shi ya zama namiji a idon kowa, garmar da ya yi shi da ita kuwa ba ƙarfe ba ce kurum a wurinsa.

Samanja ya juyo ga jama'a. "Damina bakwai ina duƙe a gonar surukina a kan dutse. Yau yaron da na koya wa ɗaura takalmi ya rataye mini aurena a ƙofar makewayi, mashaya suna wucewa suna gyara wando a ƙarƙashinsa. Duk wanda na taɓa tsayarwa a fareti, ya miƙe!"

Kujeru suka yi ƙara. Tsofaffin sojoji suka miƙe gaba ɗaya, har da waɗanda gwiwa ta hana su zuwa coci. Kanar ya dube ni, na kuwa karanta sunan Basi a idonsa.

"Kuma ina ɓarawon da ya shiga rumbuna?" in ji Samanja.

Aka zaƙulo Emeka daga bayan firji. Ya haɗa hannuwa yana cewa, "Baba, Allah ya sani ban sata ba. Mama ce ta ba ni. Ni kuma na ba ta tukunya sabuwa, babba, ta alminiyam. Ku tambaye ta!"

Ba a kai ga tambayarta ba. Mama Laraba ta fito daga ɗakin girki da ludayi a hannu, zani ɗaure a ƙugu.

"Ni na ba shi, Baban Ladi. To, sai me?"

"Garmar da na aure ki da ita!"

"Ka aure ni, ga ni tsaye. Ko garmar ce take tuƙa maka tuwo tun dawowarka daga Kwango? Tana can ƙarƙashin rumbu, gara tana cin ƙotarta, ɓeraye suna haihuwa a kanta. Rabonka da ka tambaye ta tun ana kashe fam da sule."

Wasu ƙananan hafsoshi suka fashe da dariya. A nan ne hankalina ya tashi da gaske. Na ga fuskar Samanja ta sauya. Fushin ya tafi, kunya ta maye gurbinsa. Ya sa hularsa, ya gyara riƙon sanda, ya juya zuwa ƙofar fita, tsofaffi suka fara jeruwa a bayansa. Shekaruna a mes sun koya mini cewa babba mai fushi ana iya sanyaya shi gobe, amma babban da aka yi wa dariya a gaban na ƙasa da shi, in ya fita, ya fita ke nan.

Na zagayo daga bayan kanta, na tsaya a gabansa, na buga ƙafa, na ƙame.

"Izinin magana, Samanja!"

Jikinsa ya amsa kafin zuciyarsa. Ya tsaya. "Yi magana, Sajan."

"Garma za a sauke ta yanzu, ni da kaina zan ɗauka maka ita har gida. Amma dokar mes ce, uban taro ba ya fita sai an zuba masa kofinsa an ajiye a gabansa, ko zai sha ko ba zai sha ba. Kai ka koya mana."

Ya harare ni. "Ni? A ina?"

"A Kaduna, Samanja."

Ban ce muku akwai wannan doka a wani littafi ba. Amma ban taɓa ganin samanjan da zai ƙaryata dokar da aka ce shi ya kafa ta ba. Ya ja tsaki ya ce, "To, yi sauri."

"Wannan giya ba ta san sauri ba, Samanja. Sai ta kwanta."

Na jawo masa akwatin lemo ya zauna a kai, tun da ya ƙi kujerar shamuwa. Na sa Emeka ya sauko da garmar, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan kanta, na ɗora ta da hannu biyu. Sa'an nan na buɗe kwalba, na karkata kofi, na zuba har ya wuce rabi, na ajiye. Tun da nake, ban taɓa zuba giya a hankali kamar ta wannan rana ba. Ina yi ina duban Fada Dogo, shi kuwa mutum ne mai gane ido.

Fada ya matso, ya nemi izini, ya ɗauki garmar yana juya ta. Ya ce, "Samanja, na ɗaura auren masu golmo ba iyaka, amma ban taɓa riƙe garmar golmo a hannuna ba sai yau. Kowace tsaga damina ɗaya ce, ko ba haka ba? To, me ya sa ta huɗu ta fi sauran zurfi?"

Samanja ya kai hannu ya taɓa tsagar. Can ya ce, "A shekarar ce masu ɗaukar soja suka zo Zuru. Abokan golmona suka watsar da garma suka bi su, aka bar mu mu uku a gonar da mutum goma suke nomawa. Ni ma raina yana can. Na ga sun dawo hutu da kaki da takalma, 'yan mata suna bin su da kallo, ni kuwa ina nan da laka har gwiwa. Da haushi na yi wannan tsaga, Fada. Shi ya sa ta yi zurfi."

"Ƙarya yake yi, Fada," in ji Mama Laraba.

Kowa ya juya. Amma muryarta ba irin ta ɗazu ba ce.

"Ba haushi ba ne. Ranar nan na kai musu ruwa gona. Na ce masa, in ka tafi soja zan jira ka, amma in ka tsaya zan fi so. Yana sassaƙar ƙota yana kallona, wuƙa ta zarce ta shige masa babban yatsa. Da bakin zanena na ɗaure masa, uwata ta yi mini faɗa har gari ya waye. Ku ce ya nuna muku yatsan."

Samanja ya tura hannunsa na hagu cikin aljihu.

Wani tsohon kofur mai suna Bitrus ya ce, "Samanja, ashe ba a Kwango ka sami wannan tabo ba? Ai ce mana ka yi banati ce, wuƙar bakin bindiga!"

"Rufe mini baki, Kofur!"

Amma gefen bakinsa ya riga ya motsa. Ya zaro hannun a hankali, ya ɗaga yatsan sama, ga tabon nan fari. Aka sake yin dariya, sai dai wannan karon har da shi a ciki, wasu ma suna tafi.

Mama Laraba ta karɓi garmar daga hannun Fada, ta bi tsagogin da yatsa. "Ta biyu, shekarar da maciji ya sare ka. Ta shida, shekarar da babana ya ce kunyar da ka ja a gona ta karkace, ka sake ta tun daga fari. Ni na san kowace ɗaya. Yaranmu ba su san ta ba, jikoki kuwa tsohon ƙarfe suka ɗauke ta, saura kaɗan su ba masu gwangwan. Na ce gara ta tafi inda ido zai gan ta." Sai ta juya ta nuna Kanar da ludayi. "Amma ban ce a kai ta ƙofar makewayi ba, Bawa. Uwarka ma da garma aka auro ta."

Kanar, mutumin da ya jagoranci bataliya, ya cire hularsa ya ce, "Na yi kuskure, Mama."

Fada Dogo ya ce, "Kanar, bari in gaya maka abin da ba su gaya maka a Ikko ba. Waɗancan na birni, a kasuwa suke sayen tsufansu. A ƙauyenmu, mashayarmu ƙarama ce, ba ta kai rabin wannan ba. Akwai wani filafilin kwalekwale a saman kanta, na wani masunci ne, kuma a ƙarƙashinsa yake zama kullum. In baƙo ya tambaya, shi zai ba da labari, in ya yi ƙari matarsa ta gyara masa. Tun da na bar gida ban ga abin da ya tuna mini da ita ba sai yanzun nan."

A daidai nan kumfa ta kwanta, fari a sama, baƙi a ƙasa. Na cika kofin, na ɗora a faranti, na kai gaban Samanja, na koma na ƙame.

"An zuba, Samanja. In ɗauko garma mu tafi?"

Ya dubi kofin, ya dubi garmar, ya dubi matarsa. Tsofaffin sojoji suna tsaye har yanzu. Ni kuwa na kafa masa ido, domin abin da zai fito daga bakinsa shi ne zai raba ni da Basi.

"Bawa."

"Na'am, Baba."

"Hoton wane ne wancan a saman kanta?"

"Nawa ne, Baba. A Labanan."

"Wata nawa ka yi a Labanan?"

"Shida, Baba."

"Ni damina bakwai na yi. Wa ya kamata ya hau sama?"

Kanar bai sa kowa ba. Da kansa ya taka kujera, ya sauke hotonsa, Emeka ya miƙa masa guduma da ƙusa, ya kafa garmar a tsakiyar bango, inda duk mai shigowa zai fara ganinta. Samanja ya sa aka matsa da ita hagu, aka dawo da ita dama, sai da ya gamsu.

"Saura ɗaya," in ji shi. "A ƙarƙashinta zan riƙa zama. A rage wa wannan kujera ƙafa, ni ba tsuntsu ba ne."

Aka nemo zarto a shagon kafinta na cikin mami, aka yanke ƙafafun a gaban baƙi. Samanja ya zauna, tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, ya ɗauki kofinsa ya kurɓa. Ya ɗan yamutsa fuska ya ce burkutun matarsa ta fi ta, amma ba laifi. Sa'an nan ya dubi tsofaffin da suke tsaye.

"Me kuke jira? Ku zauna!"

Suka zauna gaba ɗaya kamar mutum guda. Farfesu ya fito, Fada ya rera wata waƙar garinsu da ba wanda ya fahimta, tsofaffi suka rama da waƙoƙin golmo, Samanja yana ba da amshi da sanda. Kafin rana ta faɗi baƙi suka fara watsewa, kowa yana dariya. Kanar ya kira ni bayan kanta, ya zaro makullai ya sa mini a hannu.

"Sajan, dokar nan ta Kaduna, ni ban tuna da ita ba."

Na ce, "Ta ƙananan ma'aikata ce, Yallaɓai. Ba a koya wa hafsoshi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Basi ya yi zamansa a Ikko.

Na riƙe wannan mashaya shekara goma sha ɗaya. Tun daga makon farko tsofaffi suka fara zuwa da kayansu: wannan da garmarsa, wancan da butar ruwansa ta Kwango, wani da ƙahon farautar ubansa. Na kafa ƙa'ida, wadda ita kam tawa ce ta gaskiya, cewa ba abin da zai hau bango sai mai shi ya zo ya ba da labarinsa a gaban jama'a. Kayan da Emeka ya tara kuma muka bi sawunsu. Keken ashe na wani malamin coci ne daga Wasagu, ya kuwa zo bisa babur ya gan shi, ya sha lemo a ƙarƙashinsa. Abin da ba mu sami mai shi ba, muka sauke. Dogayen kujerun nan kuwa, ɗaya bayan ɗaya duk sai da suka sha zarto.

Ga abin da na koya, ku riƙe shi. Mai hidimar baƙi ba kofi kaɗai yake riƙewa ba, mutuncin wanda yake gabansa ma yana hannunsa. In babba ya fusata, kada ku yi gardama da shi a tsaye. Ku sama masa wurin zama, ku sama masa dalilin jinkiri, sa'an nan ku bar shi ya faɗi abin da yake alfahari da shi. In kuma Allah ya kai ku babban birni kuka shiga irin waɗannan mashayu, ku yaba katako da fitilu, ba laifi, amma ku nuna abu ɗaya a bango ku tambayi mai kanta na wane ne. Daga amsarsa za ku san ko wurin zama ne ko wurin wucewa.

Samanja Dudu ya riga mu gidan gaskiya, haka ma Kanar. Fada Dogo ya koma ƙasarsu da tsufa. Garmar tana wurin Ladi, babbar 'yar Samanja, a bangon falonta, jikoki kuma yanzu sun san kowace tsaga. Wanda yake shakkar maganata ya je ya tambayi Kofur Bitrus, yana nan da ransa a Dabai. Mama Laraba ma tana nan, ido ya yi rauni amma baki bai yi ba. Emeka kuwa har yau yana shagonsa a kasuwa, zai ce muku shi aka cuta a wannan musaya. Ku je ku ji ta bakin Mama tukuna. Ta ce tukunyar tun ranar farko take yoyo.